Kifin da Na Mayar Ruwa

Ranar da editan wannan mujalla ya tare ni a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ya ce in rubuto musu wani abu a kan karatuna na waje, na san abin da yake so: yadda ake neman gurbi, yadda ake cike fom, nawa ake kashewa. Wannan ku same ni a ofis, kyauta zan faɗa muku. Abin da na kawo muku a nan labarin kamun kifi ne, kuma akwai abin kunyata a ciki.

Ni ɗan masunci ne. Lokacin da nake zaune a kan bencin da kuke zaune yanzu, ko da wuƙa aka ɗora mini a wuya ba zan faɗi wannan a gaban jama'a ba. A ƙasar Yawuri aka haife ni. Ƙauyen kakana yana ƙarƙashin ruwa tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashe su aka sake musu matsuguni. Mahaifina bai san wata sana'a ba sai su. Birgi ne, taru ne, mamari ne, gura ce, babu wanda hannunsa bai sani ba. Da kuɗin tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa aka saya mini kowane littafi da na taɓa riƙewa. Amma a makarantar kwana yara suka laƙaba mini suna Ƙarni, in na shigo aji sai wani ya toshe hanci, sauran su kwashe da dariya. Daga aji biyu na daina shiga jirgi. In an yi hutu Baba ya ce, "Auta, taho mu duba mamari," sai in ce ina da karatu. Bai taɓa matsa mini ba, sai dai ya ɗauki filafilinsa ya wuce.

Da na nemi shiga wannan makaranta, akanta na cike. Sai ga sunana a sashen kiwon kifi. Wallahi ranar har ƙwalla na yi, na ce abin da nake gudu ne ya biyo ni har gari. Duk shekarun da na yi a nan, in aka tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce ɗan kasuwa ne. To, ba ƙarya ba ce ɗungurungum, ai yana sayar da abin da ya kama. Amma ni na san abin da nake ɓoyewa.

A haka har Allah ya sa aka riƙe ni koyarwa, daga baya na samu tallafin zuwa digiri na biyu a garin Stirling da ke Sikotilan. A watan Satumba na sauka. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin sanyi ba, kowa ya dawo daga Turai shi yake bayarwa. Abin da ba a faɗa muku shi ne duhu. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ka yi Azahar da La'asar da Magariba kusan a jere. Ga kaɗaici. Ga lissafin ƙididdiga da ya sha mini kai, wanda kuma laifina ne, don a nan ma gudun darasin nake yi. Abin da ya rage mini na sanyaya rai shi ne tafiya a ƙafa a bakin wani ƙaramin kogi da ake kira Allan, wanda ke gangarowa daga duwatsun Ochil, ya ratsa Dunblane da Bridge of Allan, ya zuba a kogin Forth. A wurinmu da ƙyar za a kira shi kogi, rafi ne. Amma ruwa ne mai gudu a kan duwatsu, kuma ƙararsa kaɗai ce ta yi mini kama da gida.

Wata Asabar a watan Afrilu na ga wani dattijo tsaye tsamo-tsamo a tsakiyar ruwan, sanye da wandon roba mai haɗe da takalmi har ƙirji, yana ta kaɗa wata doguwar sanda gaba da baya kamar mai korar shanu. Na tsaya ina dariya a zuci, na ce wannan ko kifin mahaukaci ne ai ya gudu. Ban rufe baki ba sai na ga sandar ta lanƙwashe. Ya jawo kifi, ya sa a 'yar koma, ya duƙa, ya yi wani abu da hannu, sai na ga kifin ya wuce abinsa. Na ɗauka kuɓuce masa ya yi, har na ce masa sannu. Ya ce a'a, shi ya sake shi.

Hira ta ɓarke. Tsohon mai gyaran wutar lantarki ne da ya yi ritaya. Ya tambaye ni daga ina, na faɗa masa, sannan ban san lokacin da bakina ya ce, "Mahaifina masunci ne" ba. Ina jin don baƙo ne, ba zai kai labarin ko'ina ba. Ku zo ku ga fuskar mutumin nan! Ya fito daga ruwa ya kama hannuna da hannu biyu, kai ka ce cewa na yi ni ɗan sarki ne. Ya ce shi wasa yake yi, mahaifina shi ne na gaske. Sai ya miƙo mini sandar, a zatonsa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jifan farko ƙugiyar ta maƙale a hulata. Na biyu ta tafi kan bishiya.

Bari in yi muku bayanin abin, don ni ma sai da aka zaunar da ni. Kifin da suke nema sunansa tirawut, mai ruwan ƙasa-ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi da ja a jiki. 'Yan sashenmu sun san shi a littafi da sunan Salmo trutta. Kifin ruwan sanyi ne, in zafin ruwa ya haura digiri 20 ya fara galabaita, saboda haka kada wani ya yi mafarkin zuba shi a tafkin makarantar nan. A dokar Sikotilan daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba ake kama shi, kuma kowane yanki na kogi da masu shi, sai ka yanki takardar izini. Ba sa sa tana, ba sa sa ƙullin dawo. Ƙwaron ƙarya suke ɗaurawa, wanda aka haɗa da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya. Da yake ƙwaron ba shi da nauyin da zai ja igiya, sai aka mayar da nauyin jikin igiyar kanta. Kaɗawar nan da na yi wa dariya, igiyar ake warwarewa a iska don ta ɗauki ƙwaron ta kai shi. A ƙarshenta akwai wani siririn zare garai-garai wanda kifi ba ya gani sosai.

Kafin ya sake ba ni sandar, dattijon ya sa ni na tsoma hannu na ɗago dutse daga ƙasan ruwan. Ruwan kamar ƙanƙara. Na juya dutsen, sai ga ƙananan halittu suna ta rarrafe: wasu fale-fale masu jela uku, wasu kuma sun gina wa kansu ɗan gida da yashi da tsakuwa sun shige ciki. 'Ya'yan ƙwari ne. A cikin ruwa suke yin kusan duk rayuwarsu, wasu shekara guda, wasu har biyu, sannan su taso sama su yi fiffike. Masu jela ukun nan in sun tashi kwana ɗaya ko biyu suke yi su mutu. Waɗannan na ƙarƙashin ruwa su ake kira nimf, kuma su ne yawancin abincin kifin. Na yi jarrabawa a kansu a ajin da ke bayan ɗakin karatu, na zana su, na ci maki mai kyau. Ban taɓa riƙe ɗaya a tafin hannuna ba sai ranar.

Ya buɗe akwatinsa ya nuna mini na ƙarya. Ƙanana ne, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ɗaya da gashin kunnen zomo aka yi shi. Ɗaya kuma da gashin wutsiyar wani tsuntsu da suke kira fezan, mai kama da fakara amma doguwar jela gare shi, aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Wani mai gadin kogin Avon a kudancin Ingila, Frank Sawyer, shi ya ƙirƙiro shi, ya kuma yi bayaninsa a littafinsa na 1958. Na yanzu ana sa musu ɗan dutsen ƙarfe mai nauyi a ka don su nutse da sauri.

To ga matsalar. Ƙwaron yana can ƙasa, ba ka ganinsa, ba ka ganin kifin. Tirawut yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, ya laɓe a bayan dutse ko a iyakar da ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, abinci na zuwa ya buɗe baki kawai. In ya ji abin ba nama ba ne, kafin ƙiftawar ido ya tofar. Ta yaya za ka san ya ɗauka? Sai dattijon ya ɗaura wani ɗan ƙullin ulu ruwan lemo a jikin zaren, sama da ƙwaron da kimanin zurfin ruwan sau ɗaya da rabi. Ya ce sunansa indiketa, shi zan riƙa kallo.

Na dube shi, na dubi ulun. Wannan ai totuwa ce! Totuwar kara da muke ɗaurawa a fatsa tun muna yawo ba wando. Na yi tafiyar dubban kilomita, ana biya mini kuɗin makaranta da fam, don wani Bature ya nuna mini totuwa.

Sai dai na raina abin da wuri. Fatsar yarinta a ruwa mai kwanciya muke yinta, ka jefa ka zauna. Wannan a ruwa mai gudu ne. Za ka jefa sama da inda kake zaton kifin yake, ka bar ƙwaron ya gangaro kamar ba a ɗaure yake ba. In igiyar ta faɗa a ruwan da ya fi sauri, za ta yi ciki ta ja ƙwaron, ya riƙa gudu ta gefe, kuma babu ɗan ƙwaron da ke irin wannan tafiya. Kifi na ganinka, mai jar koma. Saboda haka dole ka riƙa ɗaga igiyar kana kwantar da ita ta sama ba tare da ka motsa ulun ba. Wani abin kuma, ruwan sama ya fi na ƙasa gudu, don duwatsu na rage wa na ƙasa ƙarfi. In ƙwaronka ya kai inda ake so, za ka ga ulun ya ɗan rage sauri, kumfar da ke gefensa tana wuce shi a hankali. In ba ka taɓa maƙalewa a dutse ba, ba ka kai ƙasa ba. In kullum kana maƙalewa, ka yi zurfi da yawa. A tsakanin nan ake neman sa'a.

Na yanki izini, ya ara mini tsohuwar sandarsa da wandon roba da ya yi mini yawa. Asabar uku a jere ban kama ko ɗan tsako ba. Shi kuwa yana bayana yana ta cewa, "Ga shi nan! Ka makara." Ni ban ga komai ba. Jira nake ulun ya nutse ya yi ƙasa, yadda tarwaɗa ke yi in ta haɗiye tana ta ruga da ita.

Daren Asabar ta uku na kira gida. Yawanci hirarmu da Baba ba ta wuce minti biyu: lafiya, ya sanyi, ga innarka. Ranar na ce masa, "Baba, ina koyon fatsa." Ya yi shiru, har na duba wayar ko ta yanke. Can ya ce, "Mi kac ce?" Na maimaita. Bai yi dariya ba, bai ce ai da na kira ka ka ƙi ba. Tambayoyi ya shiga jero mini. Ruwan gudu yake ko kwance? Zurfinsa ya kai ina, gwiwa ko ƙugu? Ƙasan yashi ne ko dutse? Kifin mi yake ci? Da na ce 'ya'yan ƙwari na ƙarƙashin dutse, sai ya ce, "Masu ɗaki ko marasa ɗaki?" Jikina ya yi sanyi. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya raba mini su gida biyu daidai yadda littafi ya raba.

Na faɗa masa matsalata. Ya ce, "Auta, kai jira kake kifi ya yi maka sallama? Ba kowane kifi ka haɗiya ba, wani ɗanɗanawa yake. Ka bar kallon totuwa ita ɗai, ka haɗa ta da kumfar da ke kusa da ita. In tafiyarsu ta saɓa, ta tsaya ne, ta karkata ne, ta yi rawa ne, ka ja. In dutse ne ba ka yi asarar komi ba. Ja ba a biyan kuɗinshi." Mun yi minti arba'in a waya, katin ne ya ƙare.

Abin da dattijon ke ta faɗa mini ke nan mako uku da Turanci, bai shiga ba.

Asabar ta huɗu, a ƙasan wani dutse da ruwa ke rabuwa biyu, na jefa, na gyara igiya, na sa ido a kan ulu da wata 'yar kumfa. Suna tafe tare, suna tafe, sai ulun ya yi kamar mai tafiya da ya tuna ya manta wani abu a gida. Bai nutse ba, ɗan jinkiri kawai ya yi. Na ɗaga sanda. Kai! Wani abu mai rai ya girgiza mini hannu har kafaɗa. Ya yi sama, ya yi tsalle, ya nufi ƙarƙashin saiwa, dattijon yana ihu kada in riƙe da ƙarfi zaren zai tsinke. Da ya shiga koma na ga bai fi tsawon tafin hannuna ɗaya da rabi ba. A gida irin wannan yara ake ba su gasa. Amma gwiwoyina rawa suke yi.

Dattijon bai ce mini komai ba, ya dai nuna mini in jiƙa hannu kafin in taɓa shi, don busasshen hannu na goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta. Ƙugiyar ba ta da ƙayar baya, an matse ta, sai ta zare salin-alin. Na riƙe shi a cikin ruwa, kansa na fuskantar gudun ruwan, ina jin numfashinsa a yatsuna. Ya kaɗa jela sau ɗaya ya ɓace.

In faɗa muku gaskiya, har yau ban gama yarda da wannan al'ada ba. Mutumin da aka yi wa kuɗin makaranta da kifi, a ce ya wahalar da kifi don nishaɗi kawai ya sake shi, akwai abin da ke sukata a ciki. Da na faɗa wa Baba ya yi salati, ya ce wanda ya ƙoshi ne ke wasa da abinci. Amma bayan ya gama dariya sai ya yi tsit, ya ce shi ma fa in ya tuna taru mai ƙananan ido kamar gidan sauro da ake ja a tafki yanzu, ana kwashe uwa da ɗiya, ba ya iya barci. Ya ce da can in Sarkin Ruwa ya rufe wuri, ko allura ba mai jefawa sai an buɗe. Giwan ruwan da yake kamawa yana saurayi, sai mutum biyu sun ɗauka. Yanzu sai a yi wata bai ga irinsa ba. Kogin Allan ƙarami ne, masu sanda kuma suna da yawa. In kowa ya tafi gida da abin da ya kama, ban san abin da zai rage ba. Na gane hujjarsu. Zuciyata ce dai ba ta biyo ba.

Su ma Turawan ba bakinsu ɗaya ba, kada ku ɗauka. Wani lauya mai suna Skues, wanda ya yi shekaru yana kamu a kogin Itchen, shi ya fito da hujjar kamu da nimf a littafinsa na 1910. Manyan masu sanda na lokacin suka ce wannan ba wasan mutanen kirki ba ne, mai mutunci a saman ruwa kaɗai yake ajiye ƙwaronsa. Har zaman muhawara aka yi a kai a Landan a 1938. Yau ma akwai masu yi wa ulun nan kallon raini, wai ai fatsar yara ce. Da dattijon ya ba ni wannan labari na ce masa sun yi gaskiya, fatsar yara ce, kuma ni shaida ne.

Ragowar bazarar a ruwa na yi ta. A watan Yuni sai wajen ƙarfe goma na dare rana ke faɗuwa, in na fito daga ɗakin karatu ina da sauran sa'o'i. Kullum na dawo sai na kira Baba na ba shi rahoto, shi kuma ya yi mini gyara daga Yawuri a kan kogin da bai taɓa gani ba. Lissafin ƙididdigar ma na haye, da ƙyar. Ranar da zan taho dattijon ya ba ni ƙaramin akwati da nimf goma sha biyu da ya ɗaura da hannunsa, ya ce in kai wa masuncin gaske.

Na tarar idon Baba ya yi yana, na dama ya fi tsanani. A waya bai taɓa faɗa mini ba, kuma ya hana a faɗa. Mamari yana iya dubawa da laluben hannu, amma ƙannen babana ne ke kai shi. Na ba shi akwatin. Ya ɗauki na gashin fezan ya murza shi a tsakanin yatsu, ya kai hanci ya shinshina, ya ce, "Wannan ai ba abinci ba ne, zamba ce." Washegari da asuba shi ya tashe ni.

Na riƙe filafili karon farko cikin shekara goma sha wani abu, jirgin yana ta juyi da mu kamar maye, yara a bakin gaɓa suna dariya. Muka je bakin wani rafi da ke zubowa cikin kogi, inda ruwa ke ɗan gudu. Ba mu da sandar Turawa. Gora ce da zaren roba, sai totuwar da ya fere da wuƙarsa. Ya jefa daidai iyakar ruwa biyu, da kunne ya gane wurin. Ya ce, "Ni ba ni ganinta. Kai za ka duba mini."

Na sa ido. Totuwa da kumfa suna tafe. Sau biyu na ce ja, ya ja, ciyawa ce. A na uku ta ɗan karkata hagu, na ce, "Baba, ja!" Sai ga kawara tana walƙiya a iska, 'yar ƙarama, ta faɗo cikin jirgi. Ban san lokacin da na tsoma hannuwana a ruwa don in jiƙa su ba. Ya ji motsin, ya riga ni cafke ta, ya zare ƙugiyar, ya jefa ta ƙarƙashin benci.

"Wannan ta miya ce," in ji shi. "Gyara mini totuwar, ta zame."